Tsiro: Inda Kunun Zaƙi da Burkutu Suka Raba Hanya

Wanda ya taso a Jiga Makera, ko Aliero, ko Jega, ko Maiyama, bai taso yana ganin mashaya a bakin hanya ba. Ƙasar Gwandu ce, addini ya hana giya tun kaka da kakanni, kuma a shekarar 2000, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Duk da haka, ilimin da ake gina yawancin giyar hatsi a kansa yana nan cikin madafan iyayenmu mata, suna aiki da shi ta hanyar halal ba dare ba rana. Ilimin nan shi ne na tsiro. Ni dai a ganina ya kamata mu san shi ciki da waje, domin wanda ya san shi ne zai gane iyakar da ke tsakanin abin sha mai tsarki da abin maye, kuma shi ne zai ga arzikin da muke bari yana wuce mu.

Abin da ke faruwa cikin ƙwaya

Gwaggona da shinkafa shanshera take yin tsironta, wani lokaci da dawa. Takan jiƙa ta ta kwana, ta tsane ruwan, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙuryar ɗaki, ta rufe da wani buhun. Safe da yamma tana yayyafa ruwa. Bayan kwana uku zuwa huɗu, in ka ɗaga buhun sai ɗumi ya bugi hannunka, ka ga kowace ƙwaya ta fitar da farar saiwa siririya, sun sarƙe da juna har sai an ɓamɓare su da yatsu. Daga nan sai shanya a rana, a murje saiwoyin, a sheƙe, a daka.

Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, wanda shi ne guzurin da Allah ya ajiye wa ɗan tsiron da zai fito. Amma tsiro ba ya iya cin sitaci haka nan, sai an narkar masa da shi ya koma sukari. Saboda haka da ƙwaya ta ji danshi sai ta farka, ta soma samar da wani sinadari da masana ke kira amilas, wanda aikinsa ke nan yanyanka sitaci ya zama sukari. In aka shanya hatsin a wannan gaɓa, tsirowa ta tsaya, amma sinadarin yana nan a kwance cikin garin. Duk ranar da ya sake haɗuwa da dafaffen sitaci mai ɗumi, sai ya tashi ya ci gaba da aiki.

Kowa na iya gwada wannan a gida. A dama kunu mai kauri, a bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, a barbaɗa cokali ɗaya na garin tsiro a juya. Kafin a jima kunun ya tsinke, ya yi zaƙi, alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba.

Dare ɗaya na kunu, da abin da ke biyo bayansa

Mai kunun zaƙi takan jiƙa gero ko dawa, ta kai niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono. Sai ta raba ƙullun biyu. Babban kason ta dama shi da tafasasshen ruwa, ƙaramin kuma ta haɗa shi da tsiro, ko da busasshen dankalin Hausa, wanda shi ma yana ɗauke da irin wannan sinadari. In damammen ya sha iska sai ta haɗe su, ta rufe, ta bari ya kwana. Cikin daren nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su ne ke ba shi ɗan tsamin nan mai daɗi. Da asuba ta tace, kunu ya kammala.

To, amma ba su kaɗai ke son sukarin ba. Akwai yis, wanda ke yawo a iska da jikin tukwane da ƙore. Shi in ya sami sukari da ɗumi da lokaci, sai ya ci, ya fitar da iska da sinadarin da ke sa maye. A zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, aikinsa yana sauri ƙwarai. Shi ya sa gorar kunun da ta daɗe takan kumbura, in an buɗe ta yi tsaki, kumfa ya taso. Gwaggo ba ta taɓa jin sunan yis ba, amma da ta ga wannan alama sai ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Ɗan nan, wanga kunu ya hita hannunmu, tahi ka zubas da shi."

Hukuncinta ya yi daidai da abin da malamai ke karantarwa. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage ba a ƙara ajiye masa shi. Ke nan hatsi da 'ya'yan itace ba su da laifi. Lokaci da yis ne ke juya su, kuma mai hankali yakan tsaya kafin iyaka.

Waɗanda suka bar tukunya ta ci gaba

A kudancin jiharmu, ƙasar Zuru, inda Dakarkari ke bikin Uhola bayan girbi, burkutu tsohuwar sana'a ce a wurin waɗanda addininsu bai hana su ba. Haka take a wurin Maguzawan Kano da Katsina tun da daɗewa. Galibi mata ne ke yin ta, da jar dawa, kuma farkon aikin bai bambanta da na gwaggo ba: jiƙo, tsiro, shanya, niƙa. Bambancin yana zuwa ne daga baya. Ana dafa ta a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan da gangan a zuba ragowar tsohuwar burkutu don yis ya kama aiki. Tun daga jiƙo har zuwa ƙwarya akan ɗauki kusan mako guda. Ana shan ta tana kumfa, da kauri, ƙarfin mayenta tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, kuma ba ta ajiyuwa, don bayan 'yan kwanaki tsami ya kashe ta. Danginta suna ko'ina a Afirka ta Yamma: pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo.

Ba na sha, kuma ba na kiran kowa ya sha. Bayan haramcin addini, illarta a fili take: rumbun da aka riƙa ɗiba ana kaiwa tukunya ba ya kai iyali damina, ga ciwon hanta, ga rigimar gida. Amma sanin yadda maƙwabcinka ke rayuwa yana daga cikin zaman lafiya, kuma mu da mutanen Zuru jiha ɗaya muke.

A Ingila ma akwai irin wannan giya ta gargajiya. Ƙananan mashayu na unguwa suna sayar da giyar sha'ir da ake kawowa cikin ganga da yis ɗinta a raye, ba a kashe shi da zafi ba, kuma in an buɗe gangar sai an ƙarar da ita cikin kamar kwana uku. Suna da wata ta ruwan tuffa, wadda yankunan Somerset da Herefordshire suka yi suna a kanta. Da manyan kamfanoni suka so shafe waɗannan da kayan masana'anta, sai wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar sha'ir ɗin, kuma sun yi nasara. Abin shansu ba namu ba ne, amma kishin da suka nuna wa aikin hannun mutanensu abin lura ne. Mu da muke da kunun zaƙi, da kunun gyaɗa, da kunun aya, da fura, da zoɓo, da ruwan tsamiya, duk halal, wa ya taɓa tashi don kare su?

Dawarmu a cikin kwalba

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin da suka dogara da shi suka koma kan dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tana da irin da ake kira SK 5912, gajeriyar kaura, wadda aka gano tana ba da tsiro mai kyau, kuma tun daga lokacin dawa ta samu gindin zama a masana'antu. Ba giya kaɗai ake yi da ita ba. Lemukan malt marasa maye da muke saya a biki da suna, tushensu dafaffen ruwan tsiro ne, an tace shi, an ƙara sukari, ba a bar yis ya taɓa shi ba, sannan an gasa kwalbar da zafi don kada ya lalace.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma dawa a duniya. Amma manominmu yakan kai buhunsa kasuwar Jega ya sayar da arha a lokacin kaka, in an yi masa haihuwa ya sayi ruwan tsiro a kwalba da tsada. Ribar da ke tsakanin buhu da kwalba, ilimin tsiro ne ya haife ta, ilimin da ke hannun matarsa.

Amfani da hattara

Babban amfanin tsiro a gida yana wurin yaye. Cikin jariri ƙarami ne, kunu mai kauri ba ya haɗiyuwa gare shi, sai uwa ta tsinka shi da ruwa, yaro ya cika ciki da ruwa ya kwana da yunwa. In aka tsinka kunun da ɗan garin tsiro maimakon ruwa, zai sha cikin sauƙi alhali abincin yana nan bai ragu ba. Bayan ya tsinke a sake tafasa shi kafin a ba yaro.

Sai dai a kula da abu uku. Na farko, saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da guba, irin wadda ke kashe dabbar da ta ci gyauro, don haka dole a busar da tsiro sosai, a murje, a sheƙe su tas. Na biyu, tsiron da ya yi fumfuna a zubar da shi, kada a ce za a wanke. Na uku, a guji garin ɗan tsami da kalar da ba a san asalinsu ba. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu sun rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen gari irin wannan. Tsamiya da lemon tsami sun ishe mu.

Kirana ga jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, shi ne ta zauna da matan Jiga da Sabiyal da Kashin Zama masu wannan sana'a, ta koyi abin da suka sani, ta nuna musu yadda za su busar da tsiro cikin tsafta su ƙulla shi a leda, da yadda kunu zai jima bai juya ba. Masu sayarwa kuma su dama daidai abin da zai ƙare a yini, abin da ya yi kumfa kada a sayar wa Musulmi. Ke kuma uwa, koya wa 'yarki yadda ake tsiro tun kina da ƙarfi, domin sana'a ce, magani ne, kuma kariya ce ga addininta.