Bangon Faifai, Fuskar Waƙa

Tun kafin kunne ya ji sautin waƙa, ido ne ke fara yanke mata hukunci, domin haka ma'abota sana'ar waƙa suka ɗauki zanen bangon faifai da muhimmanci ƙwarai. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Lemi Ghariokwu, mai zane daga Legas, wanda ya haɗu da mawaƙi Fela Kuti a 1974, ya kuma zana masa bango 26. A bangon Beasts of No Nation na 1989 ya zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha cikin siffa mai ban tsoro, har mai saye ya fahimci manufar waƙar alhali faifan yana hannunsa bai kai gida ba.

A wancan zamani bango ya kai inci 12 a kowane gefe, yana da yalwar da za ta ɗauki jama'a da rubutu. Yau kuwa, mai shirin podkas yakan aika wa Apple hoto mai faɗin fiksel 3000, amma a waya sai ya koma kamar kan sarki na wasiƙa, shi ya sa masu hikima suke taƙaita shi ga launi biyu ko uku da suna cikin manyan haruffa.