Yadda ake zaƙulo kusurwar da ta ɓuya a alwatika

Kafintan da ke haɗa katakon rufin kwano a Dogo-Dogo da ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC a Dungas ko Magariya, doka guda suke bi: kusurwoyi ukun kowace alwatika, in aka tara su, digiri 180 ne, ba ƙari ba ragi. Yuklid ya kafa hujjarta a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. In kana shakka, yanki takarda mai kusurwa uku, ka yage kusurwoyin, ka jera su tsini da tsini. Miƙaƙƙen layi za ka gani.

Aljabara kuwa, wadda Alkawarizmi ya tsara a Bagadaza wajen shekarar 820, aikinta a nan shi ne raɗa wa abin da ba ka sani ba suna. A ce masa x.

Ɗauki tsani da aka jingina da katanga. Katanga da ƙasa sun riga sun ci digiri 90. A ce kusurwar gindin tsanin ta ninka ta sama sau biyar: ta sama x, ta ƙasa 5x. Ke nan x + 5x + 90 = 180. Cire 90 daga kowane ɓangare, saura 6x = 90. Raba da 6, x ya zama 15, ta ƙasa kuma 75. Kusan haka masana kariyar ma'aikata ke so a kafa tsani, don kada ya zame ko ya kifo da mai hawa.

Na rufin kwano ya fi sauƙi. Katako biyu masu tsawo ɗaya sun haɗu a ƙololuwa da digiri 120, kusurwoyin ƙasa biyu dole su zo daidai: 2x + 120 = 180, kowace 30.

Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne tambaya irin wannan: kusurwoyin su ne x, da 2x + 10, da 3x − 10. Goma ta kashe goma, 6x = 180, x = 30. Sai yaro ya ajiye biro yana murna, alhali kusurwoyi aka tambaye shi. Dole ya mayar da 30 gurbin x, ya samu 30 da 70 da 80.

Kafin ka miƙa takarda, tara amsoshinka uku. In ba su ba ka 180 cif ba, sake lissafi.