Ƙarfen Panar: Abin da Ake Mantawa Idan An Ɗaga Motar Daji

Wanda duk ya taɓa tafiya daga Agadas zuwa Bilma, ko ya shiga rugagen da ke arewacin Dakoro da Gure lokacin damina, ya san darajar mota mai tsawon ƙafa. Inda gudron ya ƙare, mota guda ita ce ke ɗaukar maras lafiya zuwa asibiti, ita ke kai hatsi da magani, ita kuma ke maido da fatake gida. Kowa kuwa ya san irin lodin da muke yi mata: duron mai, bidon ruwa, tayoyin ajiya, buhunan hatsi, sa'annan mutane bisa. Bayan ƴan shekaru resor ya gaji, gindin mota ya zauna, sai mai ita ya nufi garaji ya ce a ɗaga masa ita.

Aikin ba ya daɗewa. A cire tsohon resor, a sa mafi tsawo da tauri, a sake amortisar, mota ta tashi da santimetir 5, wata ma 10. Mai mota ya biya, ya fita yana murna. Amma akwai wani ƙarfe ɗaya a ƙarƙashin gindinta wanda sau da yawa ba a waiwaye shi ba, alhali kuwa shi ke riƙe da gangar mota bisa ƙafafunta. Makanikanmu suna ce da shi bar Panar. Sunan ya fito ne daga kamfanin Panhard na birnin Paris, wanda René Panhard da Émile Levassor suka kafa, ya soma sayar da motoci a 1891, ya kuma bar ƙera na farar hula a 1967. Motocin sun tafi, sunan ya tsaya ga wannan ƙarfe.

Ga yadda yake. Ƙafafun baya na motar daji suna haɗe da ƙarfe ɗaya mai kauri da ake kira pon. Gangar mota tana zaune bisa shasi, shasi kuma bisa resor. Idan resor mai falle-falle ne, irin na bayan Hilux ko Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, to shi da kansa yana hana pon gocewa dama ko hagu, ba a bukatar wani abu. Amma resor murɗaɗɗe, mai kama da gammo, nauyi kawai ya iya ɗauka. In an tura shi gefe sai ya lanƙwashe. Saboda haka aka gitta masa sanda ta ƙarfe, kai ɗaya ɗaure ga shasi ta wannan gefe, ɗaya kan ɗaure ga pon ta wancan gefe, kowane kai da roba a cikinsa. Za a same shi a bayan Nissan Patrol tun daga ƙirar Y60 ta 1987, da Land Cruiser 80 ta shekarun 1990, da Prado, da Jeep Wrangler tun daga ƙirar 1997. Mai mota ya fara leƙa ƙarƙashin tasa tukuna, don ya san ko wannan magana ta shafe shi.

To, mene ne ɗagawa take yi wa wannan sanda? Tsawonta ba ya sakewa. Idan shasi ya yi sama, kan da ke ɗaure gare shi ya bi shi, ɗaya kan kuwa yana ƙasa tare da pon. Sanda ta ƙara karkata ke nan. Mu tuna tsani da aka jingina ga bango: gwargwadon yadda aka ɗaga kansa sama, haka gindinsa ke matsowa kusa da bangon. Haka pon ke yi, yana matsowa wajen gefen da aka ɗaure sanda ga shasi.

Ɗan makarantar da ya koyi ƙa'idar Pitagor yana iya yin lissafin. Mu ɗauki sanda mai tsawon metir 1, wadda tun daga masana'anta kanta na sama ya ɗara na ƙasa da santimetir 10. Faɗin da take ci daga gefe zuwa gefe santimetir 99,5 ne. Idan an ɗaga mota da santimetir 5, faɗin ya koma 98,9, wato pon ya goce da kimanin milimetir 6. Idan an ɗaga da santimetir 10, faɗin ya koma 98, pon ya goce da santimetir ɗaya da rabi. A lura: ɗagawa ta ninka sau biyu, gocewa kuwa ta fi ninki biyu. Kuma a ido abin ya fi haka, domin taya ɗaya ta leƙo waje da ɗaya da rabi, ɗaya ta shige ciki da ɗaya da rabi, bambanci tsakaninsu santimetir 3 ke nan.

Wani zai ce wannan ai ba kome ba ne ga mota mai nauyin tan biyu da rabi. Da a tsaye za ta zauna, da ya yi gaskiya. Amma tayar da ta shige ciki takan riƙa gogar jikin mota in an faɗa rami, resor ya tsaya a karkace, robobin hannuwan pon su zauna a matse dare da rana har su tsage kafin lokacinsu. Abin da ya fi wannan muni shi ne karkatar sandar kanta. Sanda da ke kwance daidai, in mota ta yi sama da ƙasa, kusan ba ta tura pon gefe. Mai karkata kuwa, kowane tudu da kowane rami sai ta tura gindin mota dama, ta jawo shi hagu. Bisa gudron direba zai ji kamar iska ke kaɗa shi. Bisa hanya mai gargada, da lodi a sama, ga yashi a gefe, wannan wutsil-wutsil na iya zama mafarin kifewa. Ga shi kuma nauyin mota ya riga ya hau sama, yayin da tsakiyar sanda, inda gangar mota ke juyawa in ta jirkice a kwana, rabin wannan hawa kawai ta yi. Shi ya sa motar da aka ɗaga take ƙara kwantawa a kwana.

Magani iri biyu ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farko sanda ce mai zare a kai ɗaya, wadda ake ƙara wa tsawo ko a rage. Tana maido da pon tsakiya, amma karkata tana nan yadda take. Na biyu wani ƙarfen ƙari ne da ake ɗaurawa ga mazaunin sanda, ko a ɗaga kan da ke wajen pon, ko a saukar da na wajen shasi, don sanda ta koma kwance kamar dā. A ganina, ga ɗagawa ta santimetir 5 sanda mai zare ta isa. Daga nan zuwa sama kuwa, wanda bai gyara karkata ba ya yi rabin aiki ne, kuma ɗaga kan da ke wajen pon ya fi, tun da yake yana rage kwantawar mota a kwana. Sai dai wannan ƙarfen ƙari yana ƙara wa mazaunin asali wahala, don haka dole ya zama mai kauri, mai madafa fiye da ɗaya.

Akwai hanya ta uku da ake gani a wasu garaji, wadda ya kamata a guje ta: a yanke sandar asali, a cusa guntun rodi, a yi walda. Ranar da wannan walda ta saki a cikin gudu, ba sauran abin da ke riƙe da gangar mota bisa pon, sai ta zame gefe ta hau taya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ba shi da kuɗin sanda ta gaskiya, ya sa resor mai tsawon na asali ya huta.

Wajen ɗaurawa, a nemi wuri mai daɗe, shimfiɗaɗɗe. A tare ƙafafun gaba, a ɗaga mota da kirik, a tallafe shasi da ƙafafun ƙarfe. Bulo da dutse ba abin dogara ba ne, aparanti kuma ɗan mutane ne. A kwance sanda tun kafin a saukar da pon don cire resor, in ba haka ba za ta riƙa jan sa gefe tana murɗe roba. Yayin da pon ke sauka a sa ido ga tiyon birki, da igiyar birkin hannu, da wayar ABS in akwai, da ɗan tiyon da pon ke shaƙar iska da shi. Duk wanda ya miƙe tsam, to ya yi gajarta, sai an sake shi ko a sauko da mariƙinsa.

Bayan an sa sabon resor, a sauke mota ta tsaya bisa tayoyinta, da irin lodin da ta saba ɗauka kullum. A girgiza ta sau da yawa don ta zauna. Sa'annan a ɗauki metir a auna daga shasi zuwa bakin ƙarfen taya, dama da hagu, a wuri iri ɗaya. Kada a auna daga jikin mota, domin motar da ta sha daji jikinta ba ya rasa lotsawa. In dama ta ba da santimetir 14, hagu ta ba da 11, rabin bambancin za a gyara, wato ɗaya da rabi. A nan ne da yawa ke kuskure, su gyara duka ukun, pon ya koma ya goce ta ɗaya gefen.

Sau da yawa ramin sanda ba ya haɗuwa da ramin mazauninta. Ba guduma ce maganinsa ba, don tana ɓata zaren bulon. Mutum biyu su tura gangar mota gefe a hankali, ko a ja ta da ɗamara mai ƙugiya, makaniki na ƙasa yana jira, ramuka na haɗuwa ya zura. A sa bulon na asali ko mai ƙarfinsa. Da yawa ana rubuta ƙarfinsu a ka, kamar 8.8 ko 10.9, kuma bulon ƙofar gida ba ya shiga nan ko da kaurinsu ɗaya. A tabbata zaren sanda ya shiga ciki sosai, ba ƴan murɗa uku ba. In sandar mai lanƙwasa ce, a juya ta yadda ba za ta bugi tulun pon ko bututun hayaƙi ba lokacin da mota ta dira.

Ɗaurin ƙarshe shi ne wurin da ake yawan hasara. Robar da ke kan sanda manne take da ƙarfenta, ba ta juyawa, murɗewa take yi. In aka ɗaure bulon tam alhali mota tana rataye bisa kirik, da an sauke ta roba ta murɗe, haka kuma za ta zauna har ta yage cikin ƴan watanni. Saboda haka a ɗaure mota tana ƙasa, bisa nauyinta, da kile mai awo, gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa.

Tun da ana ƙarƙashin mota, a duba wani abu kuma. Land Cruiser 80 da wasu irinta suna da wata ƴar na'ura mai sanda zuwa ga pon, wadda ke raba ƙarfin birki bisa ga lodi. In an ɗaga mota, na'urar tana zaton ba kaya, sai ta rage birkin baya, ko da an cika mota maƙil. Ita ma sai an gyara mata tsawo. Kuma mai mota ya sani, ɗagawa ba ta nisanta tulun pon daga ƙasa ko da yatsa ɗaya. Taya mafi girma kaɗai ke yin wannan. Wanda tulunsa ke shara tudun tsakiyar hanya jiya, gobe ma zai shara.

In an gama, a ja layin fenti daga kan kowane bulon zuwa jikin ƙarfen da yake ɗaure, haka ma bisa notin da ke kulle zaren sanda. A yi ɗan gwaji kusa da gari kafin a ɗauki fasinja. Bayan tafiyar farko a daji a sake shiga ƙarƙashi da fitila: in layin fenti ya rabu, bulon ya motsa, sai a sake ɗaurewa. A share ƙura daga mazaunin sanda na wajen shasi, a duba gefen walda da kyau, domin a nan tsaga take somawa, siririya kamar gashi, da ɗan jan tsatsa a bakinta.