Motar da Ba Ta Tashi da Bugu Ɗaya

Wanda ya saba da tsohuwar Fijo mai kafireta, in mota ta yi gardama da safe, ƙafarsa ba ta san komai ba sai famfa totur. A motar injekta wannan wahalar banza ce. Totur iska kawai yake buɗe wa hanya, mai kuwa kwamfutar motar ce ke auna shi.

Kafin a kira makaniki, a kasa kunne. In aka murɗa makulli sitata ta yi nishi da ƙyar, ko ta tsaya ƙas-ƙas, maganar batir ce, ko kawunansa sun yi farin gishiri. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe.

Wadda ta fi cin rai ita ce mai juyawa garau amma ta ƙi kamawa sai an daɗe. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, kada ka buga. Daga wajen kujerar baya za ka ji famfon mai ya yi zuuu kamar daƙiƙa biyu, ya yi shiru. Kashe, ka sake, har sau uku, sannan ka buga. In ta tashi nan take, mai ne ke sulalewa daga bututu in ta kwana: ko bawul ɗin famfo ya saki, ko nozul na ɗiga. Mai ɗigar nozul takan tona kanta da warin fetur da baƙin hayaƙi. In kuwa ba ka ji kukan famfon ba sam, fara da fis da rile, su ne masu arha.

Lokacin gardamar ma shaida ne. Wadda ke wahalar da kai da sanyin hunturu kaɗai, a tuhumi sensar zafin ruwa, domin ita ce ta gaji aikin cok. In ta yi wa kwamfuta ƙarya, man ba ya isa. Wadda kuma ta tashi lafiya da asuba, ka tsaya sallar azahar ka fito ta ƙi, sai ta huce, sau da yawa sensar kiranshaf ce ke suma da zafi. In ta suma, babu wuta a fulogi, babu feshin mai.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda na'ura ke karanta laifin da kwamfuta ta ajiye. Duk da haka, na sha ganin an canza famfo, an canza fulogi, bisa "ina jin shi ne", ba a ɗora ko gejin matsin mai ba. Kuma famfon da aka cire ɗin, ko da ya mutu da gaske, mai yiwuwa yawo da tanki a ƙasa ne ya gajarta masa kwana, don a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ke sanyaya shi.