Rashin Lafiyar Kifin Ado: Gane Ciwo Kafin Zuba Magani

Ƙananan kifayen ado da ake kiwo a akwatin gilashi, irin su gufi, moli, tetra, beta da kifin zinariya, ba su da jikin jure jinya. Ciwon da babbar tarwaɗa za ta yi mako guda tana fama da shi yakan kashe ɗan tetra cikin kwana biyu. Shi ya sa lura ta yau da kullum ce rabin magani, kuma lokacin ba da abinci ne ya fi dacewa da ita. Lafiyayyen kifi yakan taso da gudu, fukafukansa a buɗe, launinsa yana sheƙi. Wanda ya raɓe a lungu, ya tsuke fukafukai, ya ƙi cin abinci, ko yake ta goga jiki a kan tsakuwa, ko ya tsaya a saman ruwa yana haki, akwai abin da ke damunsa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan ciwon kifin gida daga ruwan yake farawa. Numfashin kifi da kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna fitar da amoniya, gubar da ke ƙona jajayen mashaƙun da ke ƙarƙashin murfin kuncinsa. A akwatin da ya daɗe, wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matatar ruwa sukan mayar da amoniya zuwa naitirait, su kuma mayar da naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan bakteriya su yi yawa, abin da ya sa wanda ya sayi akwati da kifi goma rana ɗaya yakan wayi gari yana kwashe gawa. Naitirait yana hana jini ɗaukar iska, har mashaƙun su koma ruwan ƙasa, kifi ya yi ta haki ko da injin kumfa yana aiki. Da kayan gwaji na ɗigo ake gane wannan: amoniya da naitirait su kasance sifili, naitiret kada ya wuce miligiram 40 a lita. Idan babu kayan gwaji, canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan shi ne matakin farko, da ruwa mai ɗumi daidai da na akwatin, wanda aka kashe wa sinadarin kulorin idan na famfo ne. Soson matata kuwa a ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake ɗauraye shi. Wanke shi tas da ruwan famfo kashe masu gadin gida ne.

Yawancin waɗannan kifaye suna son ɗumin digiri 24 zuwa 27, ban da kifin zinariya mai son ɗan sanyi. Daren hunturu a Kano ko Jos yakan sauke ɗumin ƙaramin akwati ƙasa da haka sosai, zafin bazara kuma yana rage iskar da ruwa ke riƙewa. Ɗauke wuta na tsawon sa'o'i yana tsayar da matata, bakteriyar cikinta su fara mutuwa. Sau da yawa cuta takan ɓulla ne kwana kaɗan bayan irin wannan wahala.

Cutar da aka fi gani ita ce farin ɗigo. Kifi yakan fito da ƙananan farare kamar an barbaɗa masa gishiri, da farko biyu ko uku a wutsiya, kafin a ankara sun rufe jiki. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, mai suna Ichthyophthirius multifiliis, wadda wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya bayyana a 1876. Sanin rayuwarta shi ne sanin maganinta. Muddin tana cikin fatar kifi, magani ba ya kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman jikin da za su shiga. A wannan ɗan taƙin kaɗai ake iya kashe su. A ɗumin digiri 25 zagayen yana cika cikin kusan mako guda, a ruwan sanyi kuwa yakan ɗauki makonni. Don haka ake ɗaga ɗumin ruwa sannu a hankali zuwa 28, a ƙara kumfa, a zuba maganin da ya ƙunshi malachite green da fomalin bisa awon da ke jikin kwalba. Wasu sukan yi amfani da tsantsar gishiri, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, ko da yake shuke-shuken ruwa ba sa son sa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dakatar da magani ranar da ɗigon ya ɓace, alhali 'ya'yan suna kwance a tsakuwa. Sai an ci gaba na wasu kwanaki bayan ɗigo na ƙarshe.

Ba kowane fari ne farin ɗigo ba, kuma a nan ake asarar kifi da yawa. Bakteriyar Flavobacterium columnare tana kawo farin tabo mai toka-toka a leɓe ko a gadon baya, kamar an ɗaura wa kifin sirdi. Zafi yana ƙara mata ƙarfi, saboda haka wanda ya ɗaga ɗumin ruwa da zaton farin ɗigo ne ya taimaki cutar. Ita ana ɗan sauke ɗumi ne, a nemi maganin bakteriya wurin likitan dabbobi. Funfuna kuwa tsirowa take kamar curin auduga, galibi a kan rauni, kuma shuɗin maganin nan methylene blue yana yi mata aiki. Akwai kuma wata cuta mai kama da garin zinariya, wadda ba a cika ganinta ba sai an kashe fitila an haska kifin da tocila daga gefe. Maganinta yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe katantanwa da jatan lande.

Wutsiyar da ke zagwanyewa daga baki, tun ba ta yi nisa ba, tsabtar ruwa kaɗai takan tsayar da ita, ta sake tohowa. Kifin zinariya mai dunƙulen jiki da ke juyewa ciki sama bayan cin abinci, yawanci cushewar ciki ce: a hana shi abinci kwana 2 ko 3, sannan a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Jajayen zare da ke leƙowa daga duburar gufi tsutsar ciki ce, ana kashe ta da levamisole, irin wanda ake ba tumaki. Ƙananan tsutsotsin fata da na mashaƙa kuma praziquantel ke maganinsu, wanda aka sani wajen jinyar tsargiya. Mafi muni shi ne kumburin da ke sa ɓawon jiki ya miƙe, kifi ya zama kamar abarba idan an dube shi daga sama. Alama ce ta cewa ƙoda ta gaza, kuma kaɗan ne ke tashi.

Wajen zuba magani, lissafin litar ruwa na gaskiya ake bi, bayan an cire gurbin tsakuwa da kayan ado. Ana fitar da gawayin matata, don yana tsotse magani. Kifaye marasa ɓawo, dangin tarwaɗa, rabin awo ake fara musu. Haɗa magunguna biyu ko uku saboda ruɗewa, ko fasa kafson mutane a cikin akwati, yakan kashe bakteriyar matata, amoniya ta taso, a ƙara wa majinyaci ciwo na biyu. Ya fi kyau a ware maras lafiya a ƙaramin mazubi mai injin kumfa, sai dai in farin ɗigo ne, wanda ya riga ya game akwatin duka. Wannan mazubin ne kuma ya kamata sabon kifi ya zauna a ciki na mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran, domin yawancin ƙwayoyin cuta a ledar mai sayarwa suke shigowa gida.

Kifin da ya kai inda babu dawowa, ana sauwaƙe masa da man kanumfari da aka kaɗa a ruwa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har numfashi ya tsaya. Gawarsa binnewa ake yi, ba a jefa ta a kwata, don kada cutar ta kai ga kifin rafi. Shi ma mai kiwon yana da nasa haɗarin. Bakteriyar Mycobacterium marinum, 'yar'uwar mai kawo tarin fuka, tana sa kifi ya rame, bayansa ya karkace, kuma tana shiga jikin mutum ta yanka ko tsagewar fata, ta haifar da ƙurji a yatsa wanda ke ƙin warkewa wata da watanni. Mai rauni a hannu safar roba yake sawa kafin ya taɓa ruwan akwati, kuma idan irin wannan ƙurji ya fito, dole a faɗa wa likita cewa ana kiwon kifi a gidan.