Ƙafa da Ƙafa Ba Jijiya Ɗaya Ba

Mai tsire a Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, yana tsayuwa a gaban wuta tun la'asar har dare ya raba. Haka mai tallan da ke zaga unguwar Madagaska da kasuwar Mokolo a ƙafa. Wata rana mutum zai ɗage wando don alwala, sai ya ga jijiyoyi sun taso a sharaɓarsa, sun murɗe kamar igiya. Abokin da suka fara sana'a rana ɗaya kuwa ƙafarsa sumul. Tsayuwa tana da nata laifin, gado ma haka, amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: tsarin jijiyoyin kansa ya bambanta tun daga halitta.

Babbar jijiyar da ke ƙarƙashin fata, wadda likitoci ke kira safena, ita ce mafi tsawo a jiki. Tana bi ta gaban idon sawu na ciki, ta haura har matsematsi, inda take juye jini a jijiyar can ciki. Cikinta akwai 'yan murafe masu hana jini komawa ƙasa. A wasu mutane, wani yanki nata, galibi kusa da gwiwa, ba ya girma, sai ya tsaya siriri kamar zare. Jini ba ya jira, sai ya ratse ta wani reshe da ke dab da fata, wanda ba shi da rigar nama mai ƙarfi da za ta tallafe shi. Binciken da Caggiati da Mendoza suka wallafa a 2004 ya sami wannan tsumburewa a kashi 12 cikin 100 na lafiyayyun ƙafafu, da kashi 25 na ƙafafun da jijiyarsu ta lalace.

Ƙaramar safena ta bayan sharaɓa ma ba ta da alkawari. Yawanci tana ƙarewa a bayan gwiwa, amma takan zarce cinya, reshen da Carlo Giacomini ya bayyana a 1873.

Abin da ya fi damuna shi ne wuƙa. Akwai waɗanda aka haifa da tsumburarrun jijiyoyin ciki, kamar wasu masu larurar Klippel-Trénaunay. A gare su, kumburarriyar jijiyar nan ta waje ita ce hanyar da jini ke komawa zuciya, cire ta ɓarna ce babba. Ido ba ya rabe irin wannan jijiya da sauran kumburarrun jijiyoyi, sai hoton sikanin mai nuna gudun jini, wanda a Yawunde ake cewa eko. Saboda haka kada a kai irin wannan ƙafa wurin wanzami don ƙaho ko tsaga, jinin da za ta zubar yana da wuyar tsayawa.

Lafiyayyar safena kuma ajiya ce. Tun 1967, da René Favaloro ya yi amfani da ita a Cleveland, likitocin zuciya ke ɗebo ta daga ƙafa su yi wa toshewar jijiyar zuciya hanyar ratse, kuma su ma sukan auna kaurinta da sikanin kafin su yanka.