Wa Ke Yanka wa Shinkafar Kebbi Farashi?

Tun kafin Bature ya san hanyar Argungu, Kabawa ke noman shinkafa a fadamar Gulbin Rima. Jar shinkafa ce ta asalin Afirka, wadda ke miƙewa tana bin ruwa idan gulbi ya kawo. Manomi ya ajiye iri daga girbin bara, lakar ambaliya ta zame masa taki. Jikansa na yau ya fi shi samun amfani nesa ba kusa ba, domin damina da rani yake yi. Sai dai kusan duk abin da yake zubawa a gonar, a wata ƙasa ake yanka masa kuɗi.

Injin ban ruwa ya isa misali. Ya yaɗu a fadamomin nan ta hanyar shirye-shiryen noma da Bankin Duniya ya ba da bashin gudanarwa, musamman shirin Fadama na shekarun 1990. Ba mai musun alherinsa, shi ya mai da rani lokacin girbi. Amma fetur yake sha. Bankin Duniya da asusun lamuni na IMF kuwa sun shafe shekaru suna matsa wa Najeriya ta janye tallafin mai, ta kuma saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, a watan Yuni aka saki naira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta zarce 1,500. Maganin feshi da kayan gyaran inji suka bi ta. Takin NPK a gida ake haɗa shi, amma wasu sinadaransa daga Maroko da Rasha ake sayo su. Masu hali sun koma injin sola, shi ma farantansa daga China suke zuwa.

Irin wannan ne Kwame Nkrumah ya rubuta littafi a kansa a 1965: ƙasa ta samu tuta da take, amma akalar tattalin arzikinta tana hannun wasu. Ba a buƙatar Razdan ko Di'o na zamanin Bature. Takardar bashi da sharuɗɗanta sun wadatar.

A wajen sayarwa abin ya fi ciwo, don Kebbi ta ɗanɗani daɗin kariya. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a Nuwamba 2015, bayan an hana masu shigo da shinkafa samun dalar gwamnati. A 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice. A 2017 aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 iyakoki suna rufe. Shanshera ta yi daraja, matasa suka koma fadama.

Sannan aka juya. A Oktoba 2023 Babban Banki ya ɗage wancan hanin dala. A Yuli 2024 gwamnati ta sanar da yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa. A Satumba na wannan shekarar, Indiya, wadda ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na cinikin shinkafar duniya, ta janye takunkumin da ta sa wa fitar da farar shinkafarta a 2023. Farashi ya faɗi a duniya, ya faɗi a nan. A 2025 kukan manoma ɗaya ne: sun yi noma da kayan tsada, sun sayar da arha.

Mutumin birni ya ji sauƙi a tukunyarsa, kuma yana da gaskiya. Yunwar 2024 ba wasa ba ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kira wannan gasa ta adalci. Manomin Indiya gwamnatinsa na rage masa kuɗin taki da na wutar ban ruwa, tana kuma sayen amfaninsa a farashin da ta tsayar. Manomin shinkafa na Amurka dokar noma ta ƙasarsa na tare masa faɗuwa. Na Argungu kaɗai ake karanta wa cewa tallafi yana ɓata kasuwa.

Sai dai bango ne ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Bashin shinkafar nan, an samu manoman bogi da suka karɓa, da na gaske da suka ɗauke shi rabonsu na gwamnati, suka ƙi biya. Shinkafa 'yar waje da ake saukewa a Kwatano ba aljanu ke tsallako da ita ta Kamba da Lolo ba. Kuma babu bankin waje da ya taɓa sa hannu a madadin ministanmu.

A Yuni 2024 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya da dala biliyan 2.25 don a ɗore da gyare-gyaren nan na janye tallafin mai da sakin naira. Bashi ne, kuma ba da naira za a biya shi ba.